Wayar Cikin Bangon Baba

Litinin, da hantsi

Likita ta ce Baba zai dawo gida! Na rubuta, na karanta, na sake karantawa, har yanzu bakina ya ƙi rufuwa. Ba yau ba ne, ba kuma gobe ba, amma cikin watan nan, in mai gashin ƙashi ta gamsu da tafiyarsa. Ban san sanda na rungume likitar ba. Baiwar Allah ta ɗaga biro sama tana cewa, "To, Hajiya, a hankali, kar ni ma a ba ni gado."

Sharaɗi ɗaya ta kafa: duk gidan da za a kai shi, dole ya zamana yana da hanyar kiran mutum daga kan gadonsa. Na ce ai mun riga ki, likita. Ɗakinsa na nan a gidana, sabo fil, da madanni a gefen gado. Yana dannawa ƙararrawa za ta yi ƙara a ɗakin ɗinkina. Har wani fari na yi mata, ni da ban iya fari ba.

Na kira Yaya tun ban fita daga asibitin ba. Ya yi murna, sannan ya yi irin gyaran muryar nan tasa ta babban wa. Wai in abin zai min yawa, shi ma yana da ɗaki, kuma matarsa ma'aikaciyar jinya ce. Na ce na gode, a gaida ma'aikaciyar jinya. Garinsu fa tafiyar yini ce cur. In Baba ya je can, sai dai in riƙa ganinsa a waya yana ɗaga min hannu ɗaya.

Litinin, da yamma

Na share ɗakin, na goge, na sake sharewa. Maigidana, wanda kaf gidan nan muke kira Sarkin Araha don bai taɓa wuce abin da aka karyar wa farashi ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in na ci gaba da goge tayil ɗin nan, mu duka za mu koma gashin ƙashi.

Baba ne ya yi filastar ɗakin da hannunsa. Magini ne tun kafin a haife ni. Da muka matsa masa ya bar gidan da yake zaune shi kaɗai ya dawo wajenmu, ya ce ya ji, amma ba wanda zai shafa bangon da zai riƙa kallo safe da yamma sai shi. Ya shafa shi sumul, ko kunci ka goga ba abin da zai karce ka. Sannan ya yi ta shayar da shi yadda yake wa kowane bango, safe ruwa, yamma ruwa, har kowa ya gaji ya ce ya isa, shi ko a jikinsa. Ni ce mai ɗauko bokiti, kamar dai ina yarinya. Shi ya sa har yau, da furfurata da komai, Lebura yake ce min.

Ranar da aka binne wayar ƙararrawar a bangon, Baba ya yi dariya har da tari. "Ni za a sa wa ƙararrawa? Lebura, muryata mutuwa ta yi?" Da gaskiyarsa. Baba in ya ce "Siminti!" daga saman bene, na ƙarshen layi ma sai ya waiwayo.

Bai daɗe da gama bangon ba, tun bai tare ba, abin ya faru. Ba zan rubuta shi ba. Yau ranar murna ce.

Talata, da azahar

Na danna madannin don kawai in ji daɗi. Shiru. Na sake dannawa. Shiru. Ƙila batir ne.

Talata, da yamma

Ba batir ba ne.

Laraba, da hantsi

Tartsatsi ya zo, mai haɗa wutar da ya yi mana aikin. Yana rantsuwa cewa saurin maganarsa ne ya jawo masa sunan, ba aikinsa ba. Ya gwada ƙararrawar, lafiyarta ƙalau. Ya gwada madannin, shi ma ƙalau. Sai ya kwance madannin daga bango, ya kamo bakin wayar ya ɗan lanƙwasa, ta karye a hannunsa kamar busasshiyar taliya.

Ya zaro wuƙa ya kankare guntun, ya miƙo min. Waje ja, ciki fari fat.

"Hajiya, kin gani? Jan ƙarfen nan shafe ne kawai. Cikinta alminiyam ne, robar ma ba ta kirki ba ce. Danshin siminti ya shiga ya cinye ta. Ke kin san yadda Baba ke shayar da bango."

Na ce kar ya kuskura ya ɗora wa Baba. Ya ɗaga hannu biyu ya ce haba, waya ta ƙwarai ai ba ruwanta da danshi. Kuma da a cikin bututu aka zura ta, da yanzu ya zare ta ya sa wata kafin shayinsa ya huce.

Na juya in tambayi wanda ya sayo wayar, wanda kuma ya ce siririyar aba kamar zare me za ta yi da bututu. Sai na ga Sarkin Araha ya tuna cewa tayar motarsa na buƙatar iska.

Na tambayi Tartsatsi ko za ta iya ta da gobara. Ya ce a'a, ƙaramar wuta ce ke bi ta ciki, ko yaro ya taɓa ba za ta ja shi ba. "Ita cutarta shiru ce, Hajiya. Mutum ya danna yana zaton an ji shi, alhali ba wanda ya ji."

Na zauna a bakin gadon.

Na ce to mene ne magani? Ya sosa ƙeya, ya kalli bangon, ya kalle ni. "Sai dai a fasa."

Na ce ya sha shayinsa.

Laraba, da yamma

Araha ya dawo da leda cike da lemo, abin da yake yi duk sanda ya yi laifi. Na ce lemon ma jabu ne ko a kankare a gani? Ya ce wallahi da kwalinta wayar ta zo, har da wani hatimi mai ƙyalli. Na ce ai kai ko dutse aka sa wa hatimi mai ƙyalli sai ka ce a ba ka biyu.

Amma fa ya yi abin kirki. Ya ɗauki guntun ya kai shagon da ya saya, ya kankare a gaban mai shagon. Mutumin ya riƙe baki, ya ce shi ma haka aka kawo masa, nan take ya sauke sauran daga kan kanta. Araha ya ce bai bar wajen ba sai da ya ga an tura su ƙarƙashin benci.

Ina fushi da shi. Na sha lemon, akwai zaƙi.

Alhamis, bayan dawowa daga asibiti

Baba ya taka daga gado har taga! Da sanda, mai gashin ƙashi na riƙe da ƙugunsa, amma shi ya taka. Na tafa har na gadon kusa ya farka. Da ya isa tagar ya juyo ya ɗaga min gira, irin ta "kin gani ko?"

Maganar tana fitowa ɗaya-ɗaya, can ƙasa-ƙasa, sai ka kai kunne. Ya jawo ni ya ce, "Bango?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ban yi ƙarya ba. Bangon lafiyarsa lau.

Hannun daman da ya shanye yana nan kan bargo, inda na ajiye shi da na zo.

Juma'a, da hantsi

Tartsatsi ya zo da wata dabara. Wata farar roba ce doguwa mai murfi, a manna ta a fuskar bango, waya ta bi ta ciki, ba fashi ba ƙura. Ya kara ta a bangon don in gani. Na kalla, na kalla, na ce ya sauke.

Shi bai san Baba ba. A ɗakin jinyarsu akwai irinta ta bi bango har sama. Tun ranar da Baba ya fara iya zama ya sa aka juya masa kujera ya ba ta baya. Kalmomin da suka fara dawo masa ba su da yawa, amma ya nuna robar nan da haɓa ya ce, "Ƙazanta." A kan bangonsa kuma, daidai saitin idonsa? Ina!

Tartsatsi ya ce, "Hajiya, ba a fasa ba, ba a manna ba, to ta sama za ta bi?"

Araha da ke bayansa ya ce, "Yauwa!" Na san wata dabarar ta zo masa.

Asabar, da yamma

Yau na yi dariya har cikina ya ƙulle. Araha ya sayo ƙararrawa marar waya, wai zamani ya wuce binne-binne. Ya kafa ta a ɗakin ɗinki, ya shiga ɗakin Baba ya danna. Shiru, bangon ya ƙi bari ta wuce. Ya matsa jikin taga ya danna, ya danna, ya yi ta dannawa. Can sai ga maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ɗankwali a karkace, tana cewa wane marar aikin yi ne ke buga mata ƙofa yana gudu? Ashe irin tata ce sak, a tebur ɗaya suka saya.

Muna cikin ba ta haƙuri muna dariya, na koma kan keken ɗinki. Ban daɗe ba ta yi ƙara a kaina. Ban san sanda na yar da almakashi ba, na ruga ɗakin Baba, na banke ƙofa.

Ba kowa. Mai kawo wa maƙwabciya burodi ne ya danna tata.

Na daɗe a tsaye a ɗakin kafin numfashina ya dawo. Araha ya mayar da abarsa cikin kwali.

Lahadi, da safe

Ban faɗa wa Yaya ba.

Litinin, da azahar

Yaya ya kira. Wai in danna masa ƙararrawar ya ji ta waya. Na ce layin ba kyau, ba na jin sa. Ya ce shi kam yana ji na tar. Ya ce ranar sallama zai zo da mota, zai shimfiɗa katifa a baya, ko da za a buƙata. Ko da za a buƙata! Yaya kenan, sai ya yanka ka da ladabi.

Na ce wa Araha ni zan zama ƙararrawar. In bar ɗinkin, in shimfiɗa tabarma a ɗakin Baba, shi ke nan. Ya ce, "To in kin shiga kicin fa? In kin shiga wanka?" Na ce ai ba nisa.

Ya ce a hankali, "Ranar nan ma ba wanda ya yi nisa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Maƙwabcin Baba yana nan ƙofar gida yana wanke mota, rediyo na yi. Tun safe har azahar Baba na ƙasa a can gidansa, tsakanin gado da ƙofa, yana kira. Mutumin da ake ji daga ƙarshen layi.

Ya isa haka. Akwai rigar mutane da ban sa wa hannu ba.

Laraba, da hantsi

Na ɗauki guduma da kaina na shiga ɗakin. Na ce bango ne fa, siminti da yashi. Na ɗaga. Sai idona ya faɗa can ƙasa, a kusurwa, inda Baba ke danna babban yatsansa a kowane bango in ya gama, tun filastar na da ɗanye. Shaidarsa kenan, bai taɓa rubuta suna ba. Na durƙusa na sa nawa yatsan a gurbin. Na damansa ne.

Na mayar da gudumar.

Ga shi Tartsatsi ya ce bai tuna daidai ta inda wayar ta bi ba, sai an buɗe da faɗi an lalubo. Wato rabin bangon.

Alhamis, da yamma

Mai gashin ƙashi ta ce jibi mu ɗauki Baba ya yini a gida, a ga yadda zai yi da dakali da banɗaki, da yamma a dawo da shi. Na yi tsalle. Ina saukowa na tuna.

Araha ya ce in kwantar da hankalina, yana da shiri. Tunda ita ƙararrawar lafiyarta lau, zai ɓuya a ɗakin ɗinki da guntun waya. In Baba ya kai hannu kan madanni, sai in yi tari, shi kuma ya haɗa, ta yi ƙara. Yini ɗaya ne kawai, kar a ɓata wa tsoho rai.

Na ce wannan shi ne shirme mafi girma da na taɓa ji tun da na aure shi. Mun gwada har sau nawa, yana tafiya daidai.

Asabar, bayan an mayar da Baba

Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Mun shigo da shi a keken nan da ba na son sunansa, amma a bakin ɗakin ya ce a tsaya. Ya karɓi sanda, ya shiga da ƙafarsa. Bai kalli gado ba, bai kalli sabon labulen da na ɓata kwana ina ɗinkawa ba. Bangon ya nufa. Ya shafa shi da hagu, daga sama zuwa ƙasa, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai. Ni kuwa ina tsaye ina haɗiye hawaye, Araha ya riga ya sulale zuwa maɓoyarsa a ɗakin ɗinki.

Baba ya zauna a bakin gado. Ban sani ba ko ƙanshin turaren da na fesa ne ya yi yawa. Kafin ya ko kalli madannin, sai ya yi tari.

Ƙararrawa ta ɗauka, ƙirrr!

Baba ya kalli madannin. Ya kalli hannunsa da ke kan sanda. Ya kalle ni. Ni kuma na kama kallon silin kamar yau na fara ganinsa.

Sai ya gyara zama, ya ƙura min ido, ya yi wani tarin da gangan, ƙyaf.

Ƙirrr!

Wayyo Allah. Baba ya fara dariya. Rabin fuskar ne ke yi, amma duk jikinsa na girgiza, hawaye na zuba. Tun ranar nan ban ji dariyarsa ba sai yau. Dariyar ta jawo tari na gaske, shi kuwa bawan Allah can a ɗakin ɗinki yana ta aikinsa tsakani da Allah, ƙirr, ƙirr, ƙirr, har sai da na ƙwala masa kira na ce ya fito, asiri ya tonu.

Ya fito da guntun waya a hannu, ya durƙusa. "Baba, a yafe ni. Ni na sayo."

Na ɗauko karyayyen guntun na nuna wa Baba, na faɗa masa komai, har da maganar likita da katifar Yaya. Ya juya wayar a tafin hannunsa, ya gartsa mata haƙori, ya tofar. "Jabu."

Sannan ya ce, "Guduma."

Na ce a'a, Baba. Na ce za mu san yadda za mu yi. Na ce shi ne bango na ƙarshe da... ban ƙarasa ba. Ya kama hannuna ya matse, da ƙarfinsa kuwa. Ya daɗe yana haɗa maganar, na ga wuyansa na motsi.

"Nan... nake so. Wajenki. Fasa."

To me zan ce? Na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa.

Araha ya kira Tartsatsi, ya zo a guje. Baba ya nuna allin ɗinkin da ke maƙale a kunnena, na ba shi. Muka riƙe shi ya miƙe. Da hagu ya ja layi daga madannin, ya haura, ya karya kwana daidai saman ƙofa. Layin na rawa, amma bai yi shakka ko sau ɗaya ba, shi ya rufe wayar da hannunsa ai. Tartsatsi ya ce in dai nan take, faɗin yatsa uku ya ishe shi.

Baba ya ce shi zai fara. Tartsatsi ya kafa cizal, ƙarfen fasa bango, a kan layin, ya runtse ido, yana karanto duk addu'ar da ya sani a kan yatsunsa. Baba ya ɗaga guduma da hagu ya sauke, ƙwal! Wani ɗan ɓarɓashi ne ya faɗo, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Baba ya kalli wajen, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ƙirji a buɗe. Ya ce, "Ruwa."

Da za mu tafi ya ja min kunne: a sa bututu, kuma kar wanda ya rufe ramin. Nasa ne.

Lahadi, da hantsi

Na kira Yaya na zayyane masa komai. Da na zo wajen tarin sai na ji wayar ta faɗi, matarsa na tambaya lafiya. Da ya dawo ya ce, "In Baba ya nemi guduma, ai sauƙi ya samu." Amma ya ce maganarsa na nan, in ba ta yi ƙara ba ranar sallama, da shi za su tafi. Na ce na yarda. Wannan karon ban ji haushi ba, don ni ma ba zan kwantar da shi inda ba a jin sa ba.

Litinin, da yamma

Ƙura ko'ina, har cikin sukari. Tartsatsi ya karya cizal ɗaya, ya ce wannan ba bango ba ne, dutse ne aka yi wa fenti. Na ce zan isar wa Baba, zai ji daɗi. Wayar kuwa tana nan daidai ƙarƙashin allin, ta yi fari-fari tana marmashewa.

Talata, da azahar

Araha ya tafi sayen sabuwar waya da wuƙa a aljihu. Ya ce sai da ya kankare a gaban mai shago, ja waje, ja ciki, sannan ya karɓa, kuma bai nemi ragi ba. Na taɓa goshinsa in ji ko zazzaɓi ne. Da ya kawo na sake kankarewa da almakashina, farko, tsakiya da ƙarshe. Ya ce ban yarda da shi ba ne? Na ce sosai ma.

Alhamis, da hantsi

Ta yi ƙara!

Alhamis, da azahar

Ta yi ƙara ina kan keke. Ta yi ina kicin famfo na zuba. Na sa Tartsatsi ya ƙara wata a ɗakin kwananmu, ita ma ta yi. Na kira Yaya na kara masa waya, ya ce in yi tari tukuna ya tabbatar. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ita dai tata ba ta motsa ba, Allah ya sa ɗorewa.

Litinin, da yamma

Baba na gida. Baba na gida. Bari in sake rubutawa: Baba na gida.

Yaya ya zo da motarsa, da katifar a baya. Ya shiga ɗakin, ya danna da kansa, ya tura ni kicin, ya danna, ya tura ni bayan gida wajen shanya, ya danna. Sannan ya fita ya sauke katifar ya ce a ajiye masa ita nan, don zai riƙa zuwa kwana.

Ko hutawa Baba bai yi ba ya nuna ramin. Yaya ya naɗe hannun riga ya kwaɓa siminti, Baba na zungurinsa da sanda, a ƙara yashi, a rage ruwa. Araha ya riƙe kwano. Aka matso da kujera jikin bango, Baba ya ɗauki cokalin gini da hagu. Ya ɗebo, rabi ya zube. Ya sake ɗebowa. Da ya zo shafawa sai ya tsaya, ya kalli ɗaya hannun da ke kan cinyarsa, ya kalle ni.

Na ɗauko shi na ɗora a kan cokalin, na rufe da nawa. Haka muka shafa, mu uku, hagunsa, damansa da ni. Can sama Yaya ya ƙarasa.

Aikin ya fito da tudu da kwari, wani layi mai duhu ya ratsa bangon nan mai kyau. Baba ya ja baya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mummuna." Ya yi dariya. Sannan ya danna babban yatsansa na hagu a ƙasan ɗanyen simintin.

Araha ya ce in ya bushe sai a goge a yi fenti, ba wanda zai gane. Na ce duk wanda ya kusanci layin nan da fenti, ni da shi ne.

Talata, da safe

Na tashi da wuri na zauna a ɗakin ɗinki, ban taɓa keken ba, ina jiran ta. Na leƙa shi da asuba yana barci, na ce ba zan dame shi ba, in ya tashi zai danna. Rana ta fito. Yaya da Araha sun fita sayen burodi. Na dafa shayi, ya huce. Shiru.

Na ce wa kaina barci yake. Na ce wayar ja ce har ciki, ni na kankare. Na ce ba zan zama irin 'ya'yan nan masu tsaya wa mutum a ka ba. Amma kunnena na kan ƙararrawar.

Na miƙe kenan, sai na ji. Daga can ƙarshen lungu, ta cikin ƙofar da na bari a buɗe, a dishe, a karkace, amma har ɗakin ɗinki:

"Lebura! Ruwa!"

Sannan ƙararrawar ta biyo baya, ƙirrr.

Na ruga da kofi. Na same shi zaune a bakin gado, ya sa hularsa, sanda a hagu. Ya kalli kofin, ya kalle ni kamar ban taɓa aiki da shi ba, ya nuna ɗanyen simintin da haɓa.

Na koma na ɗauko bokiti.